Na'ura ta ce a hau, jami'i ya ce a sauka: wa matuƙi zai bi?

Jama'a assalamu alaikum. Ga bidiyon da kuka yi ta turo mana a WhatsApp. Fasinja ne ya ɗauka ta tagar jirgi, ku duba can ƙasa, wani jirgin ne ya gifta. Wasu na cewa saura ƙiris, wasu na yabon matuƙi wai ya iya kaucewa. Babu wanda ya kauce a nan. Tazarar da aka ƙayyade tsakanin jirgin sama da na ƙasansa a can ƙololuwa ƙafa 1,000 ce, wajen mita 300, kuma tun 2008 ake aiki da ita a sararin Afirka.

An raba sama hawa-hawa. Jirgin alhazai da ya tashi daga Garwa ya nufi Jidda gabas ya yi, sai a ba shi hawa mai lambar mara, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000. In zai dawo yamma, a ba shi mai lambar cika, kamar 36,000. Masu raba hawan nan a Kamaru da Cadi jami'an ASECNA ne, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da aka kafa a 1959, hedkwatarta na Dakar. Su ne kuke gani a gaban allo da abin magana a kunne.

To, ɗan Adam ajizi ne. Jami'i zai iya kuskure, matuƙi zai iya jin lamba ba daidai ba. Shi ya sa manyan jirage ke ɗauke da wata na'ura da ake kira TCAS, kuma a kanta ne aka fi samun ruɗani, don haka bari mu ɗan zauna a nan.

Ku fara cire ido daga lissafin. Jirage biyu da suka fuskanci juna, kowanne yana gudun kilomita 850 a awa, suna cinye kusan rabin kilomita a kowace daƙiƙa. Kafin ɗigon da matuƙi ya hango ya zama jirgi a idonsa, an gama. Ita na'urar ba ta da ido. Tambaya take aikawa ta rediyo, wani akwati a ɗaya jirgin mai suna taransifonda ya amsa da tsayin da yake. Daga amsar take lissafa daƙiƙoƙin da suka rage. Idan sun kai wajen 40, ta yi gargaɗi kawai. Idan sun ragu zuwa wajen 25 ko 30, sai ta ba da umarni da murya: hau, ko sauka. Ba ta cewa dama, ba ta cewa hagu.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kafin muryar ta fito, na'urorin jiragen biyu sun riga sun yi shawara tsakaninsu. Ɗaya ta ɗauki sama, ɗaya ta ɗauki ƙasa. Kun san yadda mutum biyu ke haɗuwa a lungun babbar kasuwar Marwa, wannan ya matsa, wancan ma ya matsa gefen, har su yi ta rawa a wuri guda ana dariya? A kasuwa gafara dai ce ke raba su. A sama babu lokacin gafara, shi ya sa aka bar wa na'urorin rabon tun farko. Umarnin da matuƙi ya ji rabin yarjejeniya ne, ɗaya rabin yana kunnen matuƙin da ke tunkaro shi. Daƙiƙa 5 aka ba shi ya fara aiwatarwa.

To idan a daidai lokacin jami'in ƙasa ya faɗi akasin haka fa?

Ya taɓa faruwa. Daren 1 ga Yuli 2002, a saman garin Überlingen da ke kudancin Jamus. Jirage biyu ne suka kusanci juna, ɗaya jirgin Tupolev ne daga Rasha, cike da 'yan makaranta da za su hutu Sifaniya. Ɗayan kuma jirgin kaya ne na kamfanin DHL. Jami'in da ke kula da sararin daga Zurich ya farga a makare, ya ce wa na Rasha ya sauka. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan haka na'urar ta ce musu su hau, ta kuma ce wa na DHL ya sauka. Na DHL ya bi na'ura. Na Rasha suka bi jami'i. Kun ga dukkansu biyu ƙasa suke yi, har suka yi karo.

Mutum 71 suka rasu.

Ni ba na ganin matuƙan nan a matsayin masu sakaci. Muryar mutum mai iko suka ji, suka yi biyayya, kuma ƙa'idar lokacin ba ta fito fili ta ce musu wanne ke gaba ba. Amma shi jami'in bai san me na'urorin suka ƙulla ba sai an gaya masa, hoton da ke allonsa ma yana zuwa da ɗan jinkiri. Bayan wannan hatsarin aka fayyace dokar a duniya: in na'ura ta ba da umarni ita za a bi, ko jami'i ya ce akasinta, sannan a sanar da shi. Shi kuma ya daina ba wa jirgin wani umarni har a ce masa an wuce.

Sai dai kada a ɗauka ta gama komai. Jirgin da taransifondarsa ba ta aiki, na'urar ba ta san da shi ba. Haka ya faru a Brazil a 2006, mutum 154 suka rasu. Sannan ƙasa da ƙafa 1,000 daga doron ƙasa ba ta ba da umarnin hawa ko sauka, don kada ta tura jirgi ƙasa. A irin wannan tsayin ne jirgin fasinja ya yi karo da helikwaftan sojan Amurka a Washington ranar 29 ga Janairu 2025, mutum 67 suka mutu.

Wannan ɓangaren ne ya fi damuna game da yankinmu. Ga filin jirgin N'Djamena, inda jiragen fasinja da na soja ke amfani da titi guda, ga ƙananan jiragen agaji masu zirga-zirgar Abeche, ga hazon hunturu da ke rufe Kusuri da kogin Shari har ba a ganin tsallake. A mintunan sauka da tashi nauyin ya koma kan jami'in hasumiya, da rediyo mai fita tangaram, da kowane jirgi, na soja ko na farar hula, ya bar taransifondarsa a kunne.