Filin ƙwallon unguwarku yana cikin taswira?

[Yara na ƙwallo da la'asar, an jibge bulo a bakin fili]

Kwanakin nan irin wannan hoto na ta yawo a WhatsApp: filin da yara ke ƙwallo, an wayi gari an zuba masa bulo da yashi. Sai musu ya kaure. Wasu na cewa ai fili ne maras mai shi, wanda ya riga kafa fegi shi ya ci. Wasu na cewa da an dasa itace tun farko da ba a taɓa shi ba. Akwai mataki guda da duka ɓangarorin suka tsallake, wato ware filin a taswirar rabon filaye, a kansa za mu tsaya.

Mu gaggauta da sauran abubuwan da ake dubawa wajen tsara birni. A 1960 mutanen Yamai wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya, birnin kuma gunduma 5. Mai tsara wurin shaƙatawa yana duba yawan jama'a, nisan da za su taka a ƙafa, inda ruwa zai fito, da albashin mai gadi. Wannan kowa ya gane shi.

[Taswirar rabon filaye a kan tebur]

To, ku dubi takardar nan da kyau. Ranar da ake yanka gonaki a mai da su fegi-fegi, masu awo suna zana tituna, su ware wurin lakkol, wurin asibiti, wurin kasuwa. Sannan ga wannan murabba'in da ba a ba kowa ba, an rubuta masa "espace vert". Wurin shan iskar unguwa ke nan. A ranar aka haife shi, tun babu gida ko ɗaya, tun ba a dasa ko tsinke ba. Dukiyar jama'a ce, kuma ba a sayar da irinta sai an bi hanyar hukuma an cire ta daga wannan matsayi. Tun ran gini, ran zane: unguwar da ba a ware mata fili a wannan takarda ba, sai an rushe gidajen mutane kafin ta samu.

Ga inda abin ke lalacewa. Gidaje suna tashi, filin yana zaune fayau. Ba shinge, ba allo, ba fanfo. Wata ta zubar da shara da dare, gobe amalanke ta juye tata, leda ta rufe ko'ina, damina ta zo ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Maƙwabta da kansu su fara cewa gara a gina wani abu a huta da wari. Wannan maganar ita mai neman filin ke jira. Ni a ganina nan ne aka fi cutar unguwa, domin mutanen da aka ware wa wurin su ne ke roƙon a ɗauke shi, ba su ma san nasu ba ne.

[Dogon yaro daga sama, rufin kwano a tsakaninsu]

Mai cewa itace na kare fili, ya kalli wannan. Koren shingen da ya kewaye Yamai ne, an fara dasa shi a 1965, galibi dogon yaro, don ya tare iska da ƙura. Tsawonsa wajen kilomita 25. Itatuwan sun girma, sun yi inuwa, amma ku ƙirga gidajen da ke ciki yau. Muna dashe kowace ranar 3 ga Agusta, abu ne mai kyau, sai dai icen da ba a tsare ƙasarsa a takarda ba gatari na jiran sa.

Masu bukatar filin ma sun ƙaru. Samari da ƙwallo suna nan, kuma kun san alƙalin wasansu shi ne mai ƙwallon. Ga iyaye mata da likita ya ce su riƙa tattaki da safe saboda hawan jini ko ciwon suga, suna yi a bakin kwalta cikin hayaƙin babura. Ga 'yan mata da babu inda za su yi wasa. Ga 'yan fada da butar shayinsu, ga dattawa da dara, kowa na neman inuwa a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Ambaliyar 2020 da ta 2024 kuma ta nuna amfanin ƙasar da ba a shafe da siminti ba, wadda ke shanye ruwa.

[Ƙofar ofishin gunduma]

Kafin bulo ya iso, ku tafi da mai unguwa ofishin gundumarku ku nemi a nuna muku taswirar rabon filayenku. In filin yana ciki, ku nemi masu awo su fito da iyakokinsa huɗu, a kafa allo, a kafa turakun raga, a sa wanda zai hana zubar da shara. Itace ya biyo baya idan an ja ruwa.