Zuciyar Dattijo Bayan Tiyatar Sauya Ƙugu ko Gwiwa

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, 'yan uwa masu jinya, sannunku da zuwa.

Tun da likita John Charnley ya inganta aikin sauya ƙugu a Ingila a 1962, tsofaffi da dama da ciwon gaɓɓai ya zaunar sun miƙe da ƙafarsu. Aiki ne mai kyau, ban zo hana kowa ba. Sai dai idan aka fito da dattijo daga ɗakin tiyata, hankalin kowa yana kan ɗinki, ni kuwa nawa yana kan zuciya.

Wani bincike da aka yi a Danmak, aka wallafa a 2012, ya gano cewa a mako 2 na farko haɗarin bugun zuciya yakan ninka kusan sau 25 bayan aikin ƙugu, kusan sau 30 bayan na gwiwa. Abin ya fi tsanani ga wanda ya kai shekara 80. Dalili? An zubar da jini, zuciya tana gudu don ta cike giɓi, ga jinin kansa yana saurin daskarewa, hanyoyinsa kuma dama sun tsuke da shekaru, musamman ga mai hawan jini ko suga.

To, ku saurara da kyau a nan. Yawancin waɗanda zuciyarsu ta taɓu bayan tiyata ba sa jin ciwon ƙirji, domin maganin kashe zafi yakan danne shi. Abin da za ka gani shi ne Baba ya taka daga gado zuwa bayi yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, ko da dare ya kasa gane 'yarsa. Sai a ce gajiya ce, a gyara masa matashi. A'a, a kira ma'aikaciyar jinya nan take. Shi ya sa asibitoci da yawa ke auna sinadarin turoponin, wanda yakan ƙaru a jini idan zuciya ta taɓu, a kwana 2 zuwa 3 na farko, ko mara lafiya bai yi ƙorafi ba.

Akwai kuma gudan jini da kan taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura, kada a tausa ta, don Allah. Likita za a nuna wa.

Wata baiwar Allah ta turo tambaya kan maganin tsinka jini da dattijon da take jinya yake sha, yadda za a yi da shi kafin tiyata. Hajiya, kada ki tsayar masa da shi da kanki, kada kuma ki ƙara, balle idan an taɓa sa masa ƙarfe a jijiyar zuciya. Ki tattara duk kwalayen magungunansa ki kai wa likitan zuciya da mai allurar barci kafin a sa ranar aiki, su za su ce wanne za a ajiye, kuma yaushe.