Jawabin maraba ga Baba Darakta a Zariya

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa matasa masu wasan kwaikwayo na Zazzau, sai babban baƙonmu Baba Darakta, ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya, ya gajiyar mota daga Kaduna.

Baba ni dai wallahi tun ina firamare a Tudun Wada na san aikinka alhali ban san ka ba. Gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu, baƙi da fari, da an idar da sallar isha'i sai mu cika tsakar gidan maƙil, wanda ya makara sai dai leƙe ta taga, kuma mu a lokacin 'yan wasa kawai muka sani irin su marigayi Kasimu Yero da Samanja Allah ya jiƙansu, sunayen nan da ke wucewa da gudu a ƙarshe ba mai tsayawa karantawa, kowa ta neman takalminsa yake. Sai da na girma na fara riƙe kyamara da hannuna sannan na gane ashe akwai wani a baya can, shi ke cewa tsaya nan, haske ya yi yawa, a sake, a sake, ko sau goma ne har sai abin ya zauna.

Ka shiga gidan talabijin na Kaduna, wanda aka kafa zamanin Sardauna, kana saurayi mai naɗe waya da riƙe fitila, a gabanka aka haɗe tashoshi aka yi NTA a 1977, ka ga tasowar fim ɗin kaset a Kano wajen 1990, ka ga CD ya zo ya wuce, yanzu ga YouTube kowa da wayarsa darakta ne. Duk wannan ba ka taɓa yarda ka ɗauki wasa ba rihazal ba, abin da ya sa muka nace sai ka zo ke nan.

To Baba roƙonmu ɗaya ne. Yaranmu sun ɗauki wani ɗan gajeren fim a Ƙofar Doka, labarin ya yi kyau amma ƙarar babura ta cinye maganar gaba ɗaya, sun rasa yadda za su yi. Don Allah bayan an ci abinci ka zauna ka kalla tare da su, ka gaya musu gaskiya ba sai ka lallaɓa su ba, suna so.

Ga ruwa nan a gabanka, bisimillah, in ka huta makirfo naka ne.