Ranar Hutu a Birnin da Ake Yi wa Ruwan Wuta

Masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk lokacin da aka nuna hoton birnin Kiyef na ƙasar Yukiren a ranar Lahadi, ga mutane zaune suna shan kofi, ga yara suna guje-guje a lambu, ga wasu suna shan iska a bakin kogin Dinipro, sai ka ji wani ya ce, "Wannan ne garin da ake cewa ana yaƙi?" Wani ma ya ƙara da cewa ko dai yaƙin zuki ne, ko kuwa mutanen ba su da tausayi. Wannan magana tana ci mini rai, don mai yin ta hoto kawai ya gani, bai ga ranar ba.

To bari mu bi ranar. Dokar hana fita tana ƙarewa da ƙarfe biyar na asuba. Mai hutu in ya farka, waya yake fara ɗauka ya ga wace unguwa aka kai wa hari cikin dare, sannan ya tambayi lafiyar 'yan'uwa. Ƙarfe tara na safe, ƙasar baki ɗaya kan yi shiru na minti ɗaya don tunawa da waɗanda suka rasu tun da Rasha ta ƙaddamar da mamaya a ranar 24 ga Fabrairun 2022. Sai bayan wannan hutun yake somawa.

Shi kansa hutun da lissafi ake yin sa. Wanda zai fita da iyali ya riga ya san tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa da inda za su zauna, don ita ce mafaka. Tashar Arsenalna ta fi mita 100 zurfi. Idan jiniya ta yi ƙara ana tsakiyar kallo a silima, a tsayar, a sauka ƙasa, a jira. Wanda ke gida kuwa yana da abin da suke kira dokar bango biyu: ya koma inda bango biyu suka shiga tsakaninsa da waje. Kofin da ake gani a hoto, sau da yawa janareta ne ke ruri a bakin ƙofa kafin a dafa shi, tun da aka fara ragargaza tashoshin lantarki a Oktoban 2022. A ranar 10 ga wannan wata, makami mai linzami ya faɗa daidai filin wasan yara na lambun Shebcenko, a tsakiyar gari. An cike ramin, iyaye kuma suka komo da 'ya'yansu.

Wannan komowa ita ce abin da nake so mu tsaya a kai. Tsoro yana da nauyi, kuma ba a ɗaukar kaya shekara da shekaru ba a sauke an huta ba. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana shida tana ɗaure rauni, in ba ta samu yini guda ta zauna a rana ba, ranar Litinin hannunta rawa zai yi. Sojan da aka ba 'yan kwanaki ya zo gida, me kuke tsammani yake nema? So yake ya riƙe hannun 'yarsa su zaga gari, ya ga da idonsa cewa abin da yake tsarewa yana nan da rai.

Kuma ba yau farau ba. A Landan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashe zane-zanen babban gidan adana su na ƙasa an ɓoye, sai wata makaɗiyar fiyano, Myra Hess, ta mai da ginin wurin kiɗan tsakar rana daga Oktoban 1939 har zuwa 1946, ana shiga da sule ɗaya. Ko da jiragen Jamus suka fara luguden bama-bamai a Satumban 1940, ba a fasa ba. A Sarayebo ma, babban birnin Bosniya, cikin ƙawanyar yaƙi da ta kusa shekara huɗu, aka kafa bikin finafinai na birnin a 1995.

Ba na cewa babu ɗaci a ciki. Akwai uwar da ɗanta ke fagen daga, wadda dariyar da take ji daga tebur na gaba take sukar ta kamar allura, kuma tana da gaskiyarta. Mutanen birnin su ma suna wannan gardama tsakaninsu, kan inda hutu ya tsaya da inda shagali ya wuce gona da iri. Su ke da hurumin yin ta, don su ne ke binne gawa. Mu da ke kallo daga nesa, ba namu ba ne mu auna wahalarsu da hoton yini guda.

Kafin sha biyun dare kowa ya koma gida, an rufe tituna. Ana sa waya a caji, a ajiye takalmi da jakar takardu kusa da ƙofa, a kasa kunne ko za a ji ƙugin jiragen nan marasa matuƙi samfurin Shahed, waɗanda mutanen garin ke kira babur saboda ƙararsu.