Niseko: Me Ya Sa Ake Tsallaka Duniya Don Dusar Ƙanƙarar Wannan Dutse?

Masu kallonmu, barkanku da warhaka. Wannan dutse da kuke gani shi ne Annupuri, a yankin Niseko da ke tsibirin Hokkaido, arewacin Japan. Tsayinsa mita 1,308 ne kacal, ko kusa da manyan duwatsun Turai bai yi ba. Amma duk watan Janairu za ka ga mutanen Ostireliya, da Amurka, da Singafo sun yi dafifi a gindinsa. Dusar ƙanƙarar wurin ce ta kawo su, don wasan zamiya: a ɗaura katako biyu ko allo ɗaya a ƙafa, a sulalo daga saman dutse.

Daga Saberiya labarin yake farawa. Busasshiyar iska mai tsananin sanyi tana tasowa daga can, ta ratsa Tekun Japan, wanda ruwansa ya fi ta ɗumi, ta kwashi danshi. Da ta yi karo da duwatsun Hokkaido sai ta haura sama, ta sauke kayanta. A hunturu guda abin da ke zuba yakan kai kimanin mita 15. Kuma saboda sanyin ya yi yawa, ruwan da ke cikin dusar bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran duk iska ce. Ku dubi hannun wannan mutumin: ya damƙa yana son curawa, ta ƙi, ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar garin da aka tankaɗe.

Mai hutun ƙarshen mako yakan sauka a filin jirgin New Chitose kusa da Sapporo ranar Juma'a, ya yi tafiyar wajen awa uku a bas. Asabar da sassafe yana kan layi tun kafin a tayar da kujerun igiya masu kai mutane sama. Dalilin sammakon? Kafin azahar an tattake ko'ina.

Zamiya a cikin wannan dusar dabam take. A hanyar da inji ya daddaɓe, kaifin gefen katakon ne ke riƙe ƙanƙara. A nan kuwa babu abin riƙewa, dole ka yi ta shawagi a sama-sama. Shi ya sa masu katako biyu ke neman masu faɗi, mai allo ɗaya kuma ya mayar da nauyinsa kan ƙafar baya don hancin allon ya ɗago. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne, gudu ne ke ɗauke da kai. Ka ji tsoro ka rage, sai ka nutse har ƙugu. Faɗuwar ba ta da zafi. Tashin ne aiki, don duk inda ka dafa hannunka shigewa zai yi.

Sai dai dusar nan tana kisa. Idan sabuwa ta taru kan tsohuwa, gangare guda kan zaftaro gaba ɗaya. Niseko ba ta rufe sassan dutsen da ke wajen shingen filin zamiya ɗungurungum ba. Ta kafa ƙofofi masu lamba, ana buɗe su ko a rufe gwargwadon rahoton kowace safiya. Ratsawa ta ƙarƙashin igiyar shinge haramun ne, za a iya ƙwace maka tikitin hawa kujerun igiya. Mai fita ta ƙofa sai da hular kwano da na'urar da ke nuna inda aka binnu, masu hankali kuma su haɗa da shebur da sandar lalube. Wanda dusa ta rufe, mintuna 15 na farko su ne damarsa, kuma abokan tafiyarsa ne za su tono shi, ba jami'an ceto ba. A ganina wannan tsari ya fi hani, don wanda aka hana ƙofa ta katanga zai bi.

Da dare ana kunna fitilu a ci gaba da zamiya. Wanda cinyoyinsa suka gaza kuwa sai ya nufi wuraren wanka na ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A wanke jiki tas tukuna kafin a shiga kwarmin. Kafin ka sayi taliyar ramen kuma, tambayi mai shagon, domin sau da yawa da ƙashin alade ake haɗa romon.