R4, EverDrive ko EZ-Flash: wanne kaset ya dace da gem ɗinka na hannu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar waɗannan kaset ɗin za mu yi, masu ƙaramin rami a jiki da ake zura memori, wanda kaset ɗaya zai ɗauke maka wasanni ɗaruruwa ka saka a Game Boy ko DS ɗinka, gem ɗin hannu na kamfanin Nintendo, ka yi ta bugawa. A kasuwa sunansu flash cart ko flashcard, to duk inda kuka ji na ce kaset a bidiyon nan su nake nufi.

Yadda abin yake aiki ba wani wahala gare shi ba. Shi kaset na asali wasa ɗaya ne aka ƙona a cikinsa, shikenan. Wannan kuma a cikinsa akwai ɗan cif da yake ɗauko fayil ɗin wasan daga memori ya loda shi, sai ya nuna wa na'urar kamar shi ne kaset na gaske. Kenan wasan a kan injin asali yake gudana, ba irin kwaikwayon da ake yi a waya ba. Kuma don Allah kar a haɗa su da kaset ɗin nan masu rubutun 369 in 1, waɗancan ba a ƙara musu komai ba a cire komai, kuma in ka bi lissafin za ka ga wasa ɗaya an maimaita shi da suna daban daban.

Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne duk kaset ɗin nan suna buɗe wasa, har masu arhar. Inda suke rabuwa shi ne yadda suke ajiye sebin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a wasa, da ko suna da agogo a ciki, da yadda suke shan batir. In mai shago yana ta faɗa maka yawan wasannin da ke ciki to bai faɗa maka komai ba tukuna.

Bari mu fara da Game Boy Advance, wato GBA, tunda nan ne gardamar ta fi zafi. GBA ya fito 2001, SP mai naɗewa ya biyo 2003, kuma sunaye biyu ne suka mamaye fagen, EverDrive GBA Mini na Krikzz, wani injiniya ɗan Yukiren, da EZ-Flash Omega na China.

EverDrive Mini kaset ne marar hayaniya. Menu ɗinsa rubutu ne zalla ba hoto ba kwalliya, ka zaɓi wasa cikin ɗan lokaci ya tashi, yana da agogo, batir kaɗan yake ci, kuma kusan duk abin da ka ba shi yana buɗewa ba tare da ka yi wa fayil ɗin wani gyara ba. Sebin ɗinka yana zama a cikin kaset ɗin, ɗan ƙaramin batir na riƙe da shi, sai lokacin da ka canza wasa ya kwashe shi zuwa memori. Kuɗinsa wajen dala 100 ne kafin kuɗin turowa, kuma da duk wannan kuɗin ba shi da save state, wato ba za ka iya daskarar da wasa a tsakiyar faɗa ka dawo daidai wurin ba.

Shi kuma Omega kala biyu ne, kuma nan ne mutane suke shan ruwa. Akwai na farko na 2018, akwai Definitive Edition na 2021, sunan kusan ɗaya amma halinsu ya bambanta. Na farkon kai tsaye yake rubuta sebin a kan memori, to in ka yi sebin a cikin wasa ka kashe na'urar nan take alhali bai gama rubutawa ba, sebin ɗin zai iya lalacewa, wani lokacin ma memorin gaba ɗaya ya hargitse sai an yi masa fomatin. Dokarsa ita ce ka yi sebin, ka jira 'yan daƙiƙu, sannan ka kashe. Ga babba wannan ba komai ba ne, amma ka ba yaro ka ce ya dinga ƙirga kafin ya kashe ka ga ko zai yi. Kuma yana shan batir fiye da EverDrive, in GBA ɗinka na batir AA ne kuma an canza masa sikirin zuwa IPS mai haske za ka ga jar wuta ta kunna da wuri.

Definitive Edition ya gyara waɗannan biyun. An saka masa wani nau'in ma'ajiya da ake kira FRAM wanda ba ya buƙatar batir don riƙe sebin, batir ɗin cikinsa na agogo ne kawai, an rage masa cin wuta, an ƙara masa girgiza wanda wasa kamar Drill Dozer yake amfani da ita. Ga save state, ga cit, wato lambobin maguɗi a wasa, ga hoton bangon wasa a menu. Sannan akwai wani ɗan makunni a gefensa, in ka tura shi ɗaya ɓangaren kaset ɗin zai koma kamar na wasa ɗaya tak, har DS ta gane shi a raminta na ƙasa, kenan masu son kwashe Pokémon ɗinsu daga wasan Emerald na GBA zuwa Diamond ko Pearl na DS wannan ne nasu. Kuma yawanci bai kai EverDrive tsada ba. Ni dai a GBA in aka ce in zaɓa wa mutum ɗaya ban san shi ba, Definitive Edition zan ce. EverDrive na wanda yake so ya saka kaset ya manta da shi ne, kuma batir ya dame shi fiye da save state.

Akwai na uku mai arha sosai, SuperCard, tsoho ne tun zamanin da. Ma'ajiyarsa tana da nawa, shi ya sa wasu wasannin suke ja da ƙafa a kansa, kuma ba shi da agogo. Wata manhaja ta kyauta mai suna SuperFW ta farfaɗo da shi sosai, amma sai mai haƙurin zama ya yi ta taɓe-taɓe.

Maganar agogo da nake ta yi, ga dalilinta. Pokémon Ruby da Sapphire da Emerald da agogon cikin kaset suke lissafin girman 'ya'yan itacen da ka shuka da hawa da saukar ruwa a Shoal Cave. Gold da Silver da Crystal na Game Boy Color kuwa dare da rana ma da shi suke tafiya, akwai dabbobin da sai dare suke fitowa. In ba Pokémon kake bugawa ba yawancin wasanni ba ruwansu da agogo, kar ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa ba.

Wasu wasannin kuma sirrinsu a jikin kaset ɗinsu yake. Boktai yana da ido mai auna hasken rana, WarioWare Twisted yana jin juyawar hannunka, Kirby Tilt 'n' Tumble yana jin karkata. Waɗannan kaset ɗin da na lissafa ba su da na'urorin nan, sai dai a yi wa wasan faci a mayar da abin kan maɓalli, kuma gaskiya daɗin ba ɗaya ba ne.

To mu koma baya zuwa Game Boy na 1989 da Color na 1998. Tambayar da ake yawan yi ita ce tunda GBA yana buga kaset ɗin Game Boy, ai kaset ɗin GBA ya wadatar ko? Eh kuma a'a. GBA yana da injin Game Boy Color na gaske a cikinsa, amma akwai wani ɗan makunni a cikin ramin da sai kaset mai siffar na Game Boy ne yake danna shi. Kaset ɗin GBA ba ya taɓa shi, don haka Omega da EverDrive Mini ta hanyar kwaikwayo suke buɗe wasannin Game Boy da wata manhaja Goomba, yawanci yana yi lafiya amma wani wasan sauti ko launi yakan ɗan kauce. Mai son na ainihi sai ya sayi kaset na Game Boy daban.

Nan EverDrive GB guda uku ne, X3, X5, X7. X3 ne mai arha amma dole ka koma menu kafin ka kashe, in ka manta sebin ya tafi. X5 yana da batir, kashe abinka duk lokacin da ka ga dama, sai dai ba agogo. X7 ne mai agogo da save state da menu a cikin wasa, shi kuma ya haura dala 100. Abokin karawarsu EZ-Flash Junior yana da agogo a kuɗi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, wannan ne abin da yake jan mutane gare shi, matsalarsa sebin yana rataye a kan ɗan batir ɗin ciki har sai ka sake kunnawa ya kwafe shi zuwa memori, in batir ɗin ya yi sanyi sai a wayi gari ba komai. Sauƙin abin ana canza batir ɗin, kawai kar ka jira sai ya mutu. Masu Game Boy Pocket kuma ku sani batir AAA biyu ne ke riƙe da ku, kowane irin kaset kuka saka za ku ji a batir.

Yanzu DS, inda sunan R4 ya zama kamar Maggi, ko wane kamfani ya yi sinadarin haka ake kiransa. R4 na asali wajen 2007 ya fito, memorin da ya wuce 2GB ma ba ya karantawa, kuma an daɗe da daina yin sa. Duk wanda kake gani yau da tambarin Gold, Pro, Dual Core, RTS Lite, da shekara a kusurwa, na wasu ne daban, kuma shekarar nan sitika ce kawai, sau da yawa cikin iri ɗaya ne. Abin dubawa shi ne adireshin intanet ɗin da aka buga a jikin sitikar, shi ne zai faɗa maka wace manhaja ce tasa, wadda ake kira kanel. Ka saka masa kanel ɗin wani zai tsaya a Loading ko ya nuna Menu da alamar tambaya, wani ma ya mutu gaba ɗaya.

Wasu daga cikinsu, musamman masu adireshin r4isdhc.com, an dasa musu ranar ƙarewa a cikin kanel, ranar na cika sai ya ce kwanan wata ba daidai ba ko manhaja ta ƙare aiki, don ka je ka sayi sabo. Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. Ko ka mayar da kwanan watan DS ɗin baya, ko mafi kyau ka saka wani kanel daban mai suna YSMenu a rabu da maganar. In sabo za ka saya ka nemi dangin Ace3DS+ masu amfani da kanel ɗin Wood, ba su da wannan ranar ƙarewar, kuma ba sa wuce dala goma sha wani abu zuwa ashirin. A DS ba ka da dalilin kashe kuɗi da yawa, sebin ma kai tsaye yake sauka a memori ba batir a tsakani. Abin da ba za ka samu ba shi ne infrared ɗin da ke cikin kaset ɗin HeartGold da SoulSilver, kenan Pokéwalker, 'yar na'urar ƙirga taku da ke zuwa da waɗannan wasannin Pokémon, ba zai haɗu ba. Kuma R4 ba ya buga GBA yadda ya kamata, akwai manhajar GBARunner2 amma ba kowane wasa yake ɗauka ba, mai DS Lite gara ya saka R4 a sama Omega a ƙasa.

Mai DSi ko 3DS kuma ajiye kuɗinka. Waɗannan suna da ramin memori nasu, da manhajar TWiLight Menu++ za ka buga wasannin DS daga ciki, a 3DS kuma akwai manhajar Luma3DS, har da open_agb_firm da yake buga GBA a kan injin asali da ke cikin 3DS ɗin. Kaset ɗin 3DS irin su Sky3DS da Gateway zamaninsu ya wuce.

Memori kuma, a nan rabin ƙorafin yake. Wasan GBA mafi girma 32MB ne, na DS 512MB, don haka 16GB ko 32GB ya ishe ka har ka gaji. Yawancin kaset ɗin nan tsarin fomatin da ake kira FAT32 suke so, memorin da ya wuce 32GB kuwa da exFAT yake zuwa sai ka sake masa fomatin. Wanda ake haɗo maka kyauta a cikin kwali marar suna cire shi, ka sayi orijina a wurin da ka yarda da shi, jabun memori yana nuna 64GB alhali cikinsa bai kai ba, yana cika sai ya fara cinye tsofaffin fayil har da sebin ɗinka. Kuma lokaci lokaci ka kwafe foldar sebin zuwa kwamfuta.

Ta ɓangaren doka, Nintendo ta kai masu sayar da R4 kotu ta yi nasara a Tokyo a 2009, a Ingila kuma babbar kotu ta haramta sayar da su a 2010. Sauke wasan da ba ka mallaka ba satar fasaha ce, ni ba zan ba da linki ba kar ma a tambaya. Amma akwai masu kwafe kaset ɗinsu na kansu don kar ya lalace, akwai sababbin wasannin da ake ƙirƙira da GB Studio, akwai masu haɗa kiɗa da LSDj a kan Game Boy, duk da irin kaset ɗin nan suke aiki.

Sai Switch, tunda na san za a tambaya. Akwai irin kaset ɗin nan mai suna MIG Flash, eh yana aiki, amma kowane kaset na Switch yana da lambar shaida tasa shi kaɗai kuma Nintendo tana gani da zarar ka hau intanet. A 2025 da Switch 2 ta fito an toshe na'urorin mutanen da suka saka shi, kuma na'urar kanta ake toshewa, ba eShop ba wasa da abokai ta onlayin. Wannan ni ban ba kowa shawararsa ba.

Wanda yake da R4 ya rasa kanel ɗinsa ya rubuto min adireshin da ke jikin sitikar a ƙasa, bidiyo na gaba a kan haɗa memorin DS ne tun daga fomatin. Sai mun haɗu.