Wa ke tsinke zaren furotin idan ribosom ya iso "tsaya"?

Tun makon jiya ake ta musu a zauren WhatsApp na ɗaliban Samaru: wane tRNA (mai ɗauko amino asid, tubalin gina furotin) ne ke karanta kodon ɗin tsayawa, wato haruffa ukun da ke cewa aikin ya ƙare? Wani ya ce ɗaya ne, wata ta ce uku, har da mai rantsuwa. To 'yan'uwa, babu ko ɗaya. Ku gyara zama.

Ga ribosom nan, injin ƙera furotin a ƙwayar halitta, yana bin mRNA, saƙon da ke ɗauke da umarnin ƙirar, harafi uku-uku, tRNA na kawo amino asid ana ƙullawa a zare. Wannan kun san shi, mu wuce.

Ya iso UAA, ko UAG, ko UGA. Gurbin da tRNA ke shiga ya zauna fanko, mai shigowa kuwa wani furotin ne mai sakin zare, ana ce masa RF. A bakteriya su biyu ne: RF1 ya san UAA da UAG, RF2 ya san UAA da UGA. Mu 'yan Adam ɗaya gare mu, eRF1, shi ke ɗauke da duka ukun.

A nan zan ja birki, don nan ne ake ɓacewa.

Ku dubi surar RF na bakteriya, sassa huɗu gare shi, amma wuri biyu za ku riƙe. Na farko, mu kira shi kore, shi ke taɓa kodon: a RF2 amino asid uku ne da ake kira SPF, a RF1 kuma PxT. Na biyu, mu kira shi ja, shi ne GGQ, wato glaisin, glaisin, glutamin, kuma sai ya kai inda zaren furotin ke ɗaure da tRNA na ƙarshe. Daga wurin karatu zuwa wurin ɗauri a cikin ribosom, wajen angstrom 75 ne (angstrom ɗan ƙanƙanin ma'aunin tsawo ne).

A 2001 masana suka fitar da surar RF2 na E. coli shi kaɗai, ba ribosom. Sai ga shi a dunƙule, tsakanin kore da ja angstrom 23 kacal. To yaya mai ɗan wannan hannu zai taɓa wuri biyu masu nisan 75? A 2003 aka ɗauki hotonsa a daskare yana kan ribosom, sai aka gan shi a miƙe. A 2008 ɗakunan binciken Harry Noller da Venki Ramakrishnan suka nuna shi dalla-dalla.

Kun san askar wanzami a zabira? A naɗe take, sai an zo kan aiki ake buɗe ta. Haka yake shiga a naɗe. Idan koren ya zauna daram a kan kodon ɗin tsayawa, sai sashe na uku, mai ɗauke da jan, ya ware.  Kun ga yadda jan ke miƙawa?

Ni wannan wurin ne ya fi burge ni. Da a buɗe yake yawo, sai ya tsinke furotin a tsakiyar aiki, kamar telan da ya sa almakashi a shaddar sallah bai gama awo ba. Wanda aka taɓa yi wa haka a Sabon Gari ya san zafin abin.

Amma kada misalin aska ya ruɗe ku. Ba GGQ ke yanka da kansa ba. Ƙwayar ruwa guda yake saitawa a daidai ɗaurin, ruwan ya tsinke shi, furotin ya sulale ta ramin ribosom ya fita. Ruwa fa! Glaisin biyun nan ƙanana ne, su ke ba shi damar lanƙwasa ya kutsa matsatsin.

Saura da gudu. Wani furotin, RF3, ya zo da GTP, makamashin aikin, ya taimaka a cire RF1 ko RF2, sannan wasu furotin biyu, RRF da EF-G, su raba ribosom gida biyu, a koma sabon aiki.

Yanzu sai ƙudan zuma, ba kuskure ba ne. Jikinsu na yin wani ɗan gajeren furotin, apidaecin. Da zarar an saki zare, sai ya shige ramin ribosom ɗin bakteriya ya riƙe RF ɗin gam. Da yake ribosom sun fi RF yawa nesa ba kusa ba, sauran sai su yi cirko-cirko a kan kodon ɗin tsayawa, ba mai sakinsu, bakteriyar ta kasa girma.